Ƙayar Bayan Karaba: Martani ga Malam

Takardar da Malam ya rubuta a kan ɗan rubutuna ta same ni a Kausani, na kuma karanta ta a tsanake, don ba kowane dattijo ne zai ɗauki alƙalami saboda zancen katun ba. Malam ya girme ni, ya riga ni riƙe alli, saboda haka ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan ɗaga masa murya ba. Sai dai zarge-zargen da ya jero suna da nauyi, wasunsu ma sun taɓa mutunci da aƙida. Yin shiru a kan irin waɗannan amsa laifi ne.

Ga wanda bai ga rubutun farko ba, abin da na ce bai wuce wannan ba. Fim ɗin Kiriku na farko, wanda Bafaranshen nan Michel Ocelot ya fitar a Disambar 1998, ya taɓo wata magana mai nauyi, sai fina-finai biyun da suka biyo bayansa, na 2005 da na 2012, suka kauce mata. Na ce ina fata duk ranar da za a ɗora a kan labarin, ko a can Faransa ko a hannun yaranmu masu koyon zane a kwamfuta, a koma kan maganar nan, ko da za ta fi ta baya ɗaci.

Yara da yawa a nan sun san Kiriku ta wayar yayyensu, amma bari in tuna wa manya. Jariri ne da ya yi magana tun yana ciki, ya haifi kansa, ya tarar da ƙauyensu cikin uƙuba. Mayya Karaba ta ƙwace zinaren mata, maɓuɓɓugar ruwa ta ƙafe, mazan gari sun tafi yaƙi da ita ba wanda ya dawo, ana cewa cinye su ta yi. Kowa tsoronta yake ji, yaron ne kaɗai ya dage da tambayar abin da ya sa ta zama muguwa. Ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya wuce bukkarta har ya isa wurin kakansa a bayan dutse, tsohon ya faɗa masa abin da ba wanda ya sani a gari. Waɗansu maza ne suka taɓa danne ta, ɗaya ya soka mata ƙaya mai dafi a gadon baya, daidai inda hannunta ba ya kaiwa, tun daga ranar take cikin azaba dare da rana. Yaron ya yi dabara ya sa ta sunkuya, ya fizge ƙayar da haƙori. Sihiri ya karye, mazan da ta mayar gumaka suka dawo mutane. Jama'ar gari sun taso za su kashe ta, kakan ya iso ya yi musu nasiha, aka buga ganga, fim ya ƙare. Fina-finan da suka biyo baya kuwa sai suka koma kwanakin da ba a cire ƙayar ba, Kiriku yana nan ɗan mitsitsi, yau yana fama da kura a lambu, gobe ya hau raƙumin dawa, jibi ya tsinci wani yaro Buzu da ya ɓata. Suna da kyan kallo, ban musa ba. Amma washegarin ranar da Karaba ta shigo gari, babu wanda ya nuna mana ita.

Zargin Malam na farko shi ne girma ya faɗi, mai iyali ya zauna yana nazarin abin da aka yi don 'yan yaye. Wannan ba zai ɗauke mu lokaci ba. Idan da gaske katun na yara ne kaɗai, to ai babba ne ya fi cancanta ya san abin da ke cikinsa, tunda shi za a tambaya a kan tarbiyyarsu. Kuma ba na yara ne kaɗai ba. A 1988 Isao Takahata na Japan ya yi fim ɗin zane a kan wa da ƙanwa da yunwa ta kashe a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, har yau ana lissafa shi cikin fina-finan yaƙi mafi taɓa zuciya. Zane hanya ce ta ba da labari, ba ya zaɓar shekarun mai kallo.

Na biyu ya fi zafi. Malam ya ce idan irinmu suka ce suna son fim mai nauyi, batsa suke nufi, hujjarsa kuwa ita ce matan cikin Kiriku ba su rufe ƙirji ba, shi kansa yaron tsirara yake yawo. Gaskiya ne haka aka zana su. Gaskiya ne kuma saboda wannan fim ɗin ya sha wuya kafin ya shiga Amurka da Ingila, masu rarrabawa sun nemi a ɗora wa mutanen tufafi, Ocelot ya ƙi. Shi ya ga hakan a Gini inda ya yi ƙuruciya, ya ce haka zai zana. Wannan tsakaninsa ne da masu kallonsa. Ni a rubutuna babu inda na nemi a ƙara tsiraici, kuma duk mai zanen da zai yi wa Hausawa irin wannan labari zai sa wa mata zani da kallabi, labarin ba zai ragu da komai ba. Wurin da Karaba ta sumbaci yaron ya rikiɗe saurayi nan take ma ban taɓa sonsa ba, na fi ganinsa gaggawar marubuci da yake neman ya rufe labari.

Abin da nake so Malam ya duba shi ne yadda fim ɗin ya faɗi maganar da ta fi kowace muni a cikinsa. Maza sun danne mace, sun yi mata abin da ya bar ta cikin ciwo da ƙin maza har tsawon rayuwarta. Yaro ɗan shekara bakwai ƙaya kawai yake gani, ya ji tausayi, ya wuce. Uwarsa da ke zaune a gefensa ta san abin da ake nufi, ba sai an fassara mata ba. Ba a nuna komai ba, ba a furta kalmar da za a ji kunya ba, amma an faɗi magana. Wannan ai sakaya zance ne irin namu, wanda iyayenmu mata suka ƙware a kai. Mu da muke karanta labarin fyaɗe a jarida kusan kullum, muke kuma ganin iyaye suna rufe maganar don gudun abin kunya, bai kamata mu kira wanda ya samo hanyar faɗinta cikin ladabi mai yaɗa batsa ba.

Sai zargi na uku, wanda Malam ya fi tsawaitawa a kai: za a firgita yara, a hana su barci, a cusa musu abin da ya fi ƙarfin zuciyarsu. A nan, Allah ya gafarta Malam, sai in tambaya: da wace irin tatsuniya aka rene mu? Ta-Kitse, yarinyar da aka ce daga kitse ta fito, kishiyoyi ne suka tilasta mata aikin da suka san zai narkar da ita, ta kuwa narke. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, 'yar bora aka kora daji ita kaɗai ta je wanki a kogin da ba wanda ya san inda yake, ta kwana a gidan cinya da kare, 'yar mowa da ta bi sawunta da rashin kunya ta dawo da ayarin kutare da makafi. Dodo yana haɗiye mutane har sai an farke cikinsa. Gizo da muke yi wa dariya, in aka duba da kyau, maci amana ne da ba ya ƙyale aboki in dai akwai nama. Da dare ake faɗa mana waɗannan, a tsakar gida, ba fitilar kirki, kuma kakanninmu ne masu faɗa. Wanda yake ganin na ƙara gishiri ya nemi littattafan tatsuniyoyi uku da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 daga rubutun malaman Hausa, ya ga irin yanka da haɗiya da cin amana da ke ciki. Ibrahim Yaro Yahaya ya tace nasa saboda 'yan makaranta a jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, duk da haka bai cire Dodo ba.

Iyayenmu ba mugunta ce ta sa su haka ba. A ƙasar Wudil duk wanda ya tashi kusa da kogi ya ji labarin 'yan ruwa tun kafin ya iya iyo, kuma kowa ya san dalili: uwa ba za ta iya bin yaro zuwa bakin ruwa kullum ba, sai ta aika tsoro ya raka shi. Yaron da ya fara gamuwa da tsoro a cinyar kakarsa, inda ya san labari zai ƙare a ce ƙurunƙus, ya fi wanda zai fara gamuwa da shi a hanya shi kaɗai.

Mu bar tatsuniya mu shiga aji, inda Malam ya fi ni sani. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan gasar 1933, labarin yaro ne da aka sace, aka yi cinikinsa, aka ƙetara Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta, ba ta gan shi ba sai tana gab da rasuwa. Shekara da shekaru ana karantar da shi a makarantunmu, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, ba wanda ya ce a ɓoye wa yara. A Islamiyya kuma tun yaro bai gama haddar izu biyar ba ya san 'yan'uwan Annabi Yusuf, Alaihis Salam, sun jefa shi rijiya. Ya san yadda aka kashe Sumayya, ya san dutsen da Umayya bin Khalaf ya sa aka ɗora a ƙirjin Bilal a cikin zafin rana. Da wani kamfanin Dubai, Barajoun, ya yi fim ɗin zane a kan Bilal, wanda aka fara nunawa a Doha a ƙarshen 2015, bai cire dutsen ba, domin in aka cire shi babu sauran labari. A Amurka sai aka sa masa alamar cewa yaran da ba su kai 13 ba su kalla da kulawar iyaye. A wannan gaɓa ni da Malam bakinmu ɗaya: abin da ya dace da ɗan shekara goma sha biyu bai dace da ɗan shekara huɗu ba, kuma wayar da ake miƙa wa yaro don ya yi shiru ba ta tambayar shekarunsa. Maganin wannan shi ne a rubuta shekaru a jikin fim, iyaye kuma su duba. Hana yin fim ɗin gaba ɗaya hukunta babban yaro ne da laifin sakacin iyayen ƙaraminsa.

Zargi na huɗu shi ne wanda ya sa na ga dole in amsa, domin Malam ya ce ina tallata tsafi, ina kira a girmama mayu da gumaka. Ina roƙon Malam ya sake kallon fim ɗin, ko da rabinsa ne. Kusan duk abin da mutanen garin suka yi imani da shi game da Karaba, yaron ya gano ƙarya ne. Sun ce ta la'anci maɓuɓɓuga, da ya kutsa ciki sai ya tarar wata dabba ce ta toshe hanya tana shanye ruwan. Sun ce tana cin mutane, kakan ya ce ba ta taɓa ci ba, doya da miya ta fi so, ta dai bar su a kan zatonsu ne saboda tsoronsu shi ne ƙarfinta. Ita ma kanta ta ruɗu, ta zaci hular kawun Kiriku ta tsafi ce, ashe yaron ne ɓoye a ciki yana magana. Da yaron ya roƙi kakansa laya kafin ya tunkare ta, tsohon hana shi ya yi, ya nuna masa hankalinsa ya ishe shi. Labarin da jaruminsa ba shi da laya ko guru, makaminsa tambaya, da wuya a kira shi tallar tsafi.

Kuma Malam ya san yadda zancen maita yake ƙarewa a ƙauyukanmu. Zazzaɓi ya hau kan yaro ya fara sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa, yawanci wadda ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata. Kafin a kai yaron asibiti an taru a ƙofar gidanta, a ce ta kama kurwarsa, sai ta fito ta tsallaka shi. In ta yi sa'a a tsaya a zagi da ƙauracewa, in ba ta yi ba a kai ga duka. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan wannan. Fim ɗin da zai sa yaro ya tashi da ɗabi'ar tambayar hujja kafin ya ɗauki dutse, taimakon wa'azin nan yake yi.

Na biyar, wai kwaikwayon Turawa ne, su ne suka gaji da labari mai daɗi suka koma neman baƙin ciki. Asalin labarin Kiriku ma na wannan yanki ne. Ocelot ya tsinci farkonsa a cikin tatsuniyoyin Afirka ta Yamma da wani jami'in mulkin mallaka, Équilbecq, ya tattara, kuma jaririn nan mai magana a ciki shi ne Izé Gani, wanda Boubou Hama na Nijar ya rubuta labarinsa. A Dakar aka ɗauki muryoyin, Youssou N'Dour ya yi kiɗan. A tatsuniyar asali yaron kashe mayyar ya yi kai tsaye, wato tamu ta fi tasa zubar da jini. Tambayar dalili da ƙayar, Ocelot ne ya ƙara su, kuma ban ga aibin karɓar abu mai kyau daga hannun baƙo ba. Abubakar Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya ya gina Magana Jari Ce, ba wanda ya ce ya sayar da al'ada.

Wanda ya kamata a ce kowane ɗalibin zane a Kano ya san sunansa shi ne Moustapha Alassane, ɗan Nijar da ya zauna a Tawa ya rasu a 2015. Tun 1966 ya yi Bon Voyage Sim, gajeren katun da ya mayar da shugaban ƙasa da fadawansa kwaɗi, yana yi wa ziyarce-ziyarcen shugabannin Afirka shaguɓe, a lokacin da irin wannan wasa yake iya kai mutum kurkuku. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, labarin jarumin da gimbiya ta yi ta ɗora wa sharuɗɗa yana cikawa, ba su haɗu ba sai a mutuwa. Ya kuma yi Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya suke kokawa a fage irin wadda ake yi a Maraɗi da Damagaram. Mutumin nan maƙwabcinmu ne, a ƙasar Hausa ya kafa ɗakin aikinsa, kuma tun kafin a haifi yawancin masu yi mana katun a yau ya nuna zane yana ɗaukar siyasa da mutuwa. In akwai kwaikwayon Turawa a zancen nan, ra'ayin cewa katun sai dariya da waƙa shi ne baƙo, talabijin ce ta kawo mana shi.

Zargi na shida ne ya fi taɓa ni, don na san daga zuciya ya fito. Malam ya ce baƙin cikin da muke ciki ya ishe mu, a bar wa yara wuri ɗaya da za su yi dariya. Ban raina wannan magana ba. Amma wane yaro muke karewa? Wanda yake zaune a tsakar gida lokacin da rediyo ta faɗi an kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, bayan wata biyu aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe? Wanda ya ji manya suna zancen 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe a Kano? Sun ji, sun kuma fahimta fiye da yadda muke zato. Abin da ba su samu ba shi ne wanda zai zauna da su ya sa wa abin kai da gindi.

Ga abin da nake fata fim na gaba ya ɗauka, Malam ya auna ya gani ko baƙin ciki ne don baƙin ciki. Gumakan da Karaba take aikawa su ƙwace zinare, su ne suka cinna wa bukkar wata mata wuta a fim na farko saboda ta ɓoye ɗan abin da ya rage mata. A ƙarshe muka gane gumakan nan mazan garin ne. Wato wanda ya ƙona bukkar maƙwabcinta ne, ko ɗan'uwanta, ko ma mijinta. An buga ganga an rungume juna, to da gari ya waye fa? Shin mutumin yana tuna abin da hannunsa ya yi lokacin da ba shi da ikon kansa? Matar za ta iya miƙa masa tuwo ba ta tuna hayaƙin ba? Yaron da ya tashi ana ce masa mayya ta cinye ubansa, yanzu ga uban ga mayyar, da ita za su riƙa haɗuwa a bakin ruwa kowace safiya. Ita Karaba, wa zai fara yi mata sallama? In wani jariri ya mutu a daminar farko, wa za a nuna da yatsa? Sannan babbar tambayar da fim ɗin bai ko kusanta ba: su wane ne mazan da suka danne ta? An yafe mata abin da ta yi, su ba a ko tambayi sunansu ba. Labarin ya tsaya kamar majinyacin da aka cire wa ƙaya aka sallame shi ba a wanke mikin ba.

Duk ɗan Arewa da ya karanta tambayoyin nan ya san ba na tatsuniya ba ne kawai. Tun 2016 gwamnatin tarayya take da shirin karɓar tubabbun Boko Haram, ana tsare su a sansanin Malam Sidi a Gombe kafin a mayar da su cikin jama'a, daga cikinsu akwai waɗanda sace su aka yi suna yara aka ɗora musu bindiga. Gwamnatocin Katsina da Zamfara sun yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, kowa ya ga yadda ta kaya. Akwai garuruwan da yau wanda aka kashe wa uba da wanda ya yi kisan suke cin kasuwa ɗaya. Akwai matan da suka dawo daga daji da goyo, dangi suka rasa yadda za su kalle su. Manya sun kasa yin wannan magana a fili, don da an fara sai ta koma siyasa ko ƙabilanci. Labarin ƙauyen da ba shi da suna, da mayyar da ba 'yar ƙabilar kowa ba ce, zai iya ɗaukar maganar ya kai ta inda jawabin gwamna ba ya kaiwa. Yaran da ke kallon katun a waya yau su ne za su gaji zama da tubabbun nan da 'ya'yansu. Ban ce a hana su dariya ba, fim na farko ma cike yake da ita.

Saura zancen kuɗi da hukuma, wanda Malam ya haɗa a sakin layi ɗaya: ba mai saye, kuma ba za a bari ya fita ba. Akwai hujjar da take hannun Malam bai yi amfani da ita ba, bari in miƙa masa: Kiriku na biyu, mai sauƙin nan da nake kuka da shi, ya fi na farko jan masu kallo a Faransa. Sai dai sunan da na farko ya yi ne ya cika masa sinima. A wani gefen kuma, da Dean DeBlois ya yi How to Train Your Dragon na biyu a 2014, ya kashe uban jarumin, kuma ta bakin dabbar da yaron ya fi ƙauna, fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 600, ya zarce na farko. Kung Fu Panda na biyu, na 2011, a kan kisan ƙare dangi aka gina shi, shi ma ya wuce wannan adadi. A gida Najeriya, Iwájú da kamfanin Kugali ya yi da Disney a 2024 labarin satar yara ne don kuɗin fansa a Legas. Masu kuɗin nan ba sadaka suke yi ba. Sun lura yaron da ya kalli fim na farko yana ɗan shekara takwas ya zama saurayi kafin na biyu ya fito, in ba a girma tare da shi ba zai tafi.

Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano kuwa, tun kafa ta a 2001 rigimarta da 'yan fim ta fi yawa a kan rawa da sutura da cuɗanyar maza da mata da kuma fitar da fim ba tare da an kai mata ba. Labarin da nake magana a kai ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa ma tana da matakan shekaru, 12 da 15 da 18, don irin wannan aka yi su.

Abin da ya rage shi ne wa zai yi. Ocelot an haife shi a 1943, ba na jiran sa. Kayan aikin sun sauko ƙasa: fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025, da Blender aka yi shi, manhajar da kowa zai iya saukewa kyauta, kuma a Riga, babban birnin ƙasar, aka zana wani ɓangare na Kiriku na farko. Nan kusa da mu a Wudil akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, cike da samari da 'yan mata masu kwana a gaban kwamfuta. Ba sai sun taɓa Kiriku ba, tunda yana da masu shi. Ta-Kitse tana nan, macijin rijiyar Kusugu yana nan, Tsumburbura da Barbushe suna kan Dala. Hannun zane za su koya, abin da zai yi musu wuya shi ne samun labarin yadda yake kafin a tace shi, domin tsofaffin da suka iya faɗinsa suna ƙarewa. Malam yana cikin waɗanda suka ji shi daga bakin kakanni, kuma takardarsa ta nuna alƙalaminsa bai bushe ba. Ina roƙonsa ya rubuta mana Ta-Kitse kamar yadda aka faɗa masa yana yaro, har da abin da Sarki mijinta ya yi wa kishiyoyin da ya dawo, kada ya rage komai. Ni zan ɗauki nauyin buga ta a kwamfuta in kai wa ɗaliban.